Hoton Dakta Gachet: Daga Faran 300 Zuwa Dala Miliyan 82.5

A watan Yunin 1890, makonni kaɗan kafin rasuwarsa, Vincent van Gogh ya zana likitan da ke kula da shi a ƙauyen Auvers na Faransa, wato Dakta Gachet, ya yi tagumi cikin jimami. A 1897 an sayar da wannan zane kan faran 300. A watan Mayun 1990, attajirin Japan Ryoei Saito ya saye shi a gidan gwanjon Christie's da ke New York kan dala miliyan 82.5. Fenti da ƙyallen ba su canza ba. To, me ya canza?

Abu na farko shi ne suna, kuma sunan ma gina shi aka yi. Da ƙanin mai zanen, Theo, ya rasu a 1891, ɗaruruwan zane-zane suka faɗa hannun matarsa, Johanna Bonger. Ba ta zubar da su a kasuwa ba. Ta riƙa ba da aronsu ga masu baje koli, tana sayarwa kaɗan-kaɗan, ta shirya gagarumin nuni a Amsterdam a 1905, sannan ta wallafa wasiƙun Vincent ga Theo a 1914. Daga nan duniya ta san talaucinsa da ciwonsa, mai saye kuma ya zama yana biyan kuɗin zane haɗe da labarin mai shi.

Na biyu shi ne silsilar mallaka. Zanen ya shiga gidan tarihin Städel na Frankfurt a 1911, 'yan Nazi suka ƙwace shi a 1937, daga bisani iyalan Kramarsky suka kai shi Amurka. Kowane hannu da ya bi shaida ce cewa ba jabu ba ne.

Na uku shi ne ƙaranci. Yawancin abin da iyalin suka riƙe ya koma hannun wata gidauniya, yana gidan tarihin Van Gogh da aka buɗe a 1973, ba na sayarwa ba. Ɗan abin da ya rage sai ya zama abin wawaso, musamman a shekarun da kuɗi ya yi ambaliya a Japan.

Hausawa na cewa kowa ya yi haƙuri shi ke da riba. Haƙurin na Johanna ne, gwanintar ta Vincent, amma mafi tsokar ribar ta tafi ga waɗanda ba su taɓa ganin ko ɗayansu ba. Shi kansa zanen, tun gwanjon 1990 jama'a ba su sake ganinsa ba.