3.2 Tarihin Koyon Dillancin Dabbobi a Kasuwar Maigatari

Maigatari gari ne a ƙasar Gumel, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma ya shahara saboda kasuwarsa ta dabbobi da ke ci ranar Alhamis. Wannan sashe zai dubi yadda ake koyon dillanci a wannan kasuwa, da sauye-sauyen da zamani ya kawo wa koyon.

A bisa al'ada, dillanci sana'a ce ta gado ko ta barance. Uba yakan tafi kara da ɗansa, ko ya danƙa shi ga wani dillalin da ya yarda da gaskiyarsa. Aikin yaro na farko shi ne riƙon igiya da ba dabbobi ruwa da hidimar fataken da suka sauka gidan ubangidansa. Daga nan sai ya koyi gane shekarun sa ta haƙoransa, da bambanta bunaji da rahaji, da gane dabba mai ciwo. Bayan haka ne zai iya sanin lokacin da "albarka" ta mai kaya take nufin a ƙara, da lokacin da ya kusa sallamawa. Ba a biyan kuɗin koyo. Ubangida ke ciyar da yaro, ya ɗan tsakura masa daga la'ada. Yayewa kuwa ba ta da takarda, illa ranar da aka bar shi ya ƙulla ciniki shi kaɗai. Babban darasin shi ne amana, domin dillali ne ke tsaya wa baƙo cewa dabbar ba ta sata ba ce.

Zuwan Turawa a 1903 da shata iyaka sun raba fatake tsakanin mulkin Ingila da na Faransa, don haka lissafin kuɗi iri biyu ya shiga cikin karatun yaro. Jirgin ƙasa da ya ratsa Gagarawa ya isa Nguru a 1930 ya sauƙaƙa hulɗa da kudu. Annobar bushiya ta 1983 da rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986 sun rage dabbobin da ke shigowa, karya darajar sefa a 1994 kuma ta sauya farashi baki ɗaya.

A 1987 Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa ta fara shirin koyon sana'a wanda ya ari tsarin ubangida da yaronsa, amma ya fi karkata ga ɗinki da kafinta da kanikanci. Ke nan, ilmin dillanci ya ci gaba da zama a ka, ba a rubuce ba, ta yadda duk dillalin da ya rasu bai yaye yaro ba, da iliminsa yake tafiya.