Marubucin Labarin Ɓarayi da Hanyar Fatake

A Togo, wanda ya riga kowa maida labarin laifi sana'a shi ne Félix Couchoro, haifaffen Ouidah a 1900, wanda ya rasu a Lome a 1968. Ya yi koyarwa, ya yi kasuwanci, sannan daga 1962 jaridar Togo-Presse ta riƙa buga labaransa na Faransanci kashi-kashi. Wannan tsari ya tilasta masa yanke kowane kashi daidai inda hankalin mai karatu ya tashi, domin gobe a sake neman jarida.

A Hausa kuwa, Sulaiman Ibrahim Katsina ya fitar da Turmin Danya a 1982, inda ya tona asirin attajirin da ya yi arziki da fasa-ƙwauri da sayen ma'aikata. Dukansu biyu daga kasuwa suka ɗebo mutanensu.

Mu mazauna zangon Sokode da na Dapaong muna kan babbar hanyar Lome zuwa Cinkassé, mun san dillali da direba da ɗan kwastan. Labaransu a bakinmu suke, ba su shiga takarda da Hausarmu ba. Tsofaffin fataken da suka san su kuwa suna ƙarewa.