Sulhu: yadda ake kashe wutar rikici tun tana ƙarama

Sulhu, ko sasanci, hanya ce ta raba gardama inda wani mutum da ɓangarori biyu suka amince da shi yake zaunar da su har su cimma matsaya da kansu. Alƙali hukunci yake yankewa, mai sulhu kuwa yardar kowa yake nema, domin masu rigimar maƙwabta ne da za su ci gaba da haɗuwa a kasuwa da masallaci.

Yadda ake yin sa

A garuruwa irin su Kajiji da ke ƙaramar hukumar Shagari a jihar Sakkwato, ƙorafi kan fara daga mai unguwa, ya wuce wurin hakimi, sannan uban ƙasa. Yawanci ana saɓawa ne kan iyakar gona, rabon gado, toshe burtali, ko ɓarnar dabbobi a lokacin kaka. Idan shanu suka afka gona, akan kira ardo da dattawan manoma, a je a ga ɓarnar ido da ido, a ƙiyasta ta, a biya gaban shaidu.

Matsayinsa a doka

Tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna daga hannun sarakuna, kuma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye ga gwamnoni. Saboda haka ƙarfin basarake a yau mutuncinsa ne kawai. A 2023 Najeriya ta yi sabuwar dokar sasanci, wadda ta ba kotu damar tilasta bin rubutacciyar yarjejeniyar sulhu. A Jamhuriyar Nijar kuwa, dokar karkara ta 1993 ta tanadi a fara kai rikicin gona gaban sarakunan gargajiya kafin a je kotu.

Inda yake gazawa

Sulhu na buƙatar mai shiga tsakani marar son kai, da ɓangarorin da za su iya cika alkawari. Yarjejeniyoyin da gwamnatocin Zamfara da Katsina suka ƙulla da 'yan bindiga a 2019 ba su ɗore ba, domin dabobin suna da yawa kuma babu shugaba ɗaya da maganarsa ke hawa kan kowa. Haka nan talakan da aka matsa wa ya yafe haƙƙinsa don gudun fushin manya, an rufe masa baki ne kawai, rikicin yana nan.