Huhu da kaluluwa: Yadda numfashi da garkuwar jiki ke aiki tare

Baligi mai lafiya kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya idan yana hutawa. Kowace shaƙa tana kawo iskar oksijin da jiki ke buƙata, amma tana tafe da ƙura da hayaƙi da ƙwayoyin cuta. Don haka huhu yake da abokin aiki mai tsare shi, wato magudanan ruwan limf, waɗanda jama'a suka fi sani ta hanyar kaluluwa.

Hanyar iska

Iska kan shiga ta hanci, inda gashi da majina ke tace ta, jiki kuma ya ɗumama ta. Daga nan sai ta bi maƙogwaro, wanda ya rabu gida biyu a ƙirji, reshe ɗaya zuwa kowane huhu. Huhun dama yana da sashe uku, na hagu biyu, domin ya bar wa zuciya wuri.

Rassan nan suna ta rarrabuwa har su ƙare a wasu mitsi-mitsin jakunkuna, ɗaruruwan miliyoyi, kewaye da siraran hanyoyin jini. A nan ne oksijin ke ratsawa cikin jini, gurɓatacciyar iskar kabon dayoksaid kuma ta fito. Kashi 21 cikin 100 na iskar da ake shaƙa oksijin ne, amma a wadda ake fitarwa ya ragu zuwa kimanin kashi 16.

Huhu ba ya motsa kansa. Wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki ce ke sauka ƙasa, haƙarƙari ya buɗe, iska ta shigo.

Magudanan limf

Yayin da jini ke zagayawa, wani ɓangare na ruwansa yana tsattsafowa tsakanin tsoka da gaɓoɓi. Magudanan limf ne ke kwashe rarar, su mayar da ita cikin manyan hanyoyin jini da ke gindin wuya. A kan hanya ruwan yana ratsa ɗaruruwan ƙananan ƙulalai da ke wuya da hammata da matsematsi da cikin ƙirji. Cike suke da fararen ƙwayoyin jini masu tare ƙwayoyin cuta. Idan faɗa ya yi tsanani sai ƙullin ya kumbura. Wannan ita ce kaluluwa. Saifa ma tana cikin wannan tsari, sai dai ita jini take tacewa.

Waɗannan magudanai ba su da famfo irin zuciya. Motsin tsoka da numfashi ne ke tura ruwan gaba. Su kuma suna kwashe ruwa da ƙura daga huhu, shi ya sa ƙulalan ƙirjin mai shan taba ko mai yawan shaƙar hayaƙi kan yi baƙi. Idan magudanan suka toshe, ruwa kan taru, kamar yadda ake gani a tundurmi, wanda tsutsotsin da sauro ke yaɗawa suke haddasawa.

Yaushe ya kamata a je asibiti?

Kaluluwar da ta biyo bayan mura ko rauni takan sace da kanta. Amma wadda ta yi makonni ba ta sauka ba, ko ta yi tauri ba tare da zafi ba, tana buƙatar likita ya duba, domin tarin fuka da ciwon daji kan bayyana ta haka. Haka nan tarin da ya kai mako biyu, musamman idan akwai rama da zazzaɓi da gumin dare. Tarin fuka yana warkewa, yawanci da maganin wata shida, kuma a Najeriya kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin lafiya na gwamnati. Jinkiri yana lalata huhun majinyaci, ya kuma jefa iyalinsa cikin haɗarin kamuwa.