BABI NA UKU: DUKIYAR 'YAN SIYASA DA MA'AUNIN ARZIKI A NIJERIYA, 1955–2019

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin yadda aka riƙa auna dukiyar masu riƙe da mulki a Nijeriya, tun daga ƙarshen zamanin Turawa har zuwa Jamhuriya ta Huɗu. Manufar ita ce a nuna cewa albashi bai taɓa zama ma'aunin arzikin ɗan siyasa ba, kuma sau da yawa jama'a ba su sanin abin da shugaba ya mallaka sai bayan mulki ya kuɓuce masa.

3.1 Ma'aunin Arziki Kafin 'Yancin Kai

A ƙasar Hausa, al'ada ta bambanta attajiri da basarake. Attajiri da fatauci ya tara abin hannunsa, kuma ana gane shi ta yawan dabbobi da rumbuna da gidaje da barori, da kuma zakkar da yake fitarwa. Misali a nan shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya faro da fataucin goro zuwa Gwanja, daga baya ya shahara a cinikin gyaɗa a Kano. Lokacin da ya rasu a 1955 ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka ta Yamma. Abin lura shi ne, irin wannan dukiya a fili take, kowa ya san hanyar da ta biyo. 'Yan siyasar farko na Arewa kuwa yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e, waɗanda ba su da wani abu da ya wuce albashinsu. Saboda haka idan aka ga ɗayansu ya yi kuɗi farat ɗaya, dole a tambayi mafarin kuɗin.

3.2 Zamanin Kwamitocin Bincike

Tun kafin samun 'yanci wannan tambaya ta taso. A 1956 aka kafa kwamitin Foster-Sutton don ya binciki dangantakar Firimiyan Jihar Gabas, Dokta Nnamdi Azikiwe, da bankin African Continental Bank, wanda shi ya kafa shi, aka kuma zuba kuɗin gwamnatin jihar a cikinsa. Kwamitin ya soki halayyar Firimiyan, shi kuma ya miƙa hannun jarinsa ga gwamnati. Duk da haka jam'iyyarsa ta NCNC ta lashe zaɓen jihar na 1957. Haka kuma a 1962 kwamitin Mai Shari'a Coker ya gano cewa kuɗin hukumar sayen amfanin gona ta Jihar Yamma sun bi ta wani kamfani suka shiga asusun jam'iyyar AG, ya kuma ɗora alhakin a kan Cif Obafemi Awolowo. Waɗannan bincike biyu sun nuna cewa a wancan zamani da wuya a raba aljihun shugaba da na jam'iyya da na gwamnati. A ɗaya gefen kuma akwai Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966, da Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983. Dukansu an shaide su da rashin tara abin duniya, har suka zama mudun da talakan Arewa yake auna sauran shugabanni da shi.

Sojoji ma ba su tsira ba. Bayan Janar Murtala Muhammad ya karɓi mulki a Yulin 1975, an binciki kadarorin gwamnoni 12 na zamanin Janar Gowon. An sami 10 daga cikinsu da laifi aka ƙwace kadarorinsu. Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma ne kaɗai aka wanke. Har ila yau, a 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta gurfanar da gwamnonin Jamhuriya ta Biyu gaban kotunan soja, aka ɗaure da dama daga cikinsu.

3.3 Dokar Bayyana Kadarori

Don a daina jiran juyin mulki kafin a yi bincike, Tsarin Mulki na 1979 ya tanadi Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata da kotunta. Tsarin Mulki na 1999 ya ci gaba da wannan tanadi: kowane mai riƙe da muƙami zai rubuta abin da ya mallaka da bashin da ake bin sa lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin sauka. Dokar ba ta hana ɗan siyasa zama mai kuɗi ba. Abin da ta ce shi ne, duk kadarar da ya samu bayan ya bayyana, wadda ba za a iya danganta ta da albashi ko kyauta ko rancen da doka ta yarda da su ba, to ya saɓa doka sai in ya kawo hujja. Wato ma'aunin doka shi ne tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya shigo da shi da abin da ya fita da shi.

Sai dai an bar wa Majalisar Tarayya ta tsara sharuɗɗan da ɗan ƙasa zai bi ya duba takardun, kuma hukumar ta sha fakewa da rashin waɗannan sharuɗɗa ta hana masu nema. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya karya wannan al'ada a 2007, inda ya bayyana wa duniya kadarorin kimanin naira miliyan 856. A 2015 fadar Shugaba Buhari ta fitar da taƙaitaccen bayani wanda ya haɗa da gidaje da shanu 270 da tumaki 25 da dawaki biyar, lissafin da ya yi kama da tsohon ma'aunin Bahaushe. Amma duk waɗannan ganin dama ne, doka ba ta tilasta su ba.

3.4 Albashi da Matsayin Ɗan Siyasa Cikin Masu Samu

A 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata yana karɓar kimanin naira 750,000 a wata a matsayin albashi, da kuma naira miliyan 13.5 kuɗin gudanar da ofis. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne. Ke nan albashin sanata ya ninka na ƙaramin ma'aikaci sau 40 da ɗoriya, kuɗin ofis kuwa sau 750. Daɗin daɗawa, rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna cewa kashi 40 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna rayuwa a kan abin da bai kai naira 137,430 a shekara ba. Idan aka yi la'akari da wannan, albashi kaɗai ya isa ya sa sanata cikin sahun gaba na masu samu a ƙasar, ko da ba zai kama ƙafar manyan attajirai ba. Amma wanda ya tsaya ga albashi ya bar kaso mafi tsoka a baya.

3.5 Naɗewa

A taƙaice, an ga ma'auni iri uku: na al'ada mai duban abin da ido ya gani, na kwamitocin bincike mai zuwa bayan ɓarna ta auku, da na doka mai kwatanta shiga da fita. Na ukun ne ya fi adalci, domin yana kare wanda ya shigo da halaliyarsa daga zargi, yana kuma tona wanda ya ci amana. Amma ba zai yi aiki ba matuƙar masu zaɓe ba su ga takardun da idonsu ba. Babi na gaba zai duba shari'o'in da aka yi a Kotun Ɗa'ar Ma'aikata.