Yadda Zabi Suka Bar Gidajen Kaduna, Kaji Suka Zauna

A wannan makon za mu leƙa bayan gida ne, wajen akurki.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani gajeren labari da aka karanta a zaman ƙungiyarmu. Marubucin ya sa zabuwa ta kwanta a kan ƙwanta cikin ɗakin girki, a watan Janairu, ta ƙyanƙyashe bayan kwana 21. Kuskure uku a jimla ɗaya, kuma kusan duk wanda ke wurin bai lura ba. Zabin gargajiya da damina suke ƙwai. Ƙwan zabi yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28, na kaza ne ke ɗaukar 21. Sannan zabuwa ba ta yarda da ɗaki, cikin ciyawa take ɓoye sheƙarta, shi ya sa iyayenmu mata kan kwaso ƙwan su sa wa kaza ta yi kwancin. Ba mu ga laifin marubucin ba. A Unguwar Rimi ya tashi, bai taɓa ganin zabuwa da rai ba sai a hannun mai talla.

Abin mamaki, a cikin biyun zabuwa ce 'yar gida. Tsuntsuwar Afirka ce, daga dajinmu aka kamo ta aka saba da ita, kuma har yau ba ta gama sabawa ba. Rumawa sun san ta, suna danganta ta da Numidiya ta arewacin Afirka, kuma 'yan Fotugal sun sake kai ta Turai daga gaɓar Gini a ƙarni na 15, abin da ya sa Turawan Ingila ke kiran ta da sunan Gini. Kaza kuwa baƙuwa ce. Asalinta kazar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya. Masu tonon tarihi sun sami ƙasusuwanta a Kirikongo ta Burkina Faso da Jenne-jeno ta Mali, na tun fiye da shekara dubu. Lokacin da Ibn Battuta ya ratsa ƙasar Mali a 1352, ya ambaci kaji cikin abin da matan ƙauye ke fitowa da shi su sayar wa matafiya. Baƙuwar ce ta mamaye karin maganarmu: sabo da kaza ba ya hana yanka ta, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Kaduna garin jiya ne. A 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, aka kafa ta a ƙasar Gbagyi. Turawa suka keɓe wa kansu unguwa, suka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓi. Leburorin jirgin ƙasa da sojoji da 'yan kasuwa suka zo daga Zariya da Kano da Katsina da Barno, kowa da halin ƙauyensu. Unguwanni irin su Kawo da Malali da Badarawa da Unguwar Shanu a lokacin bakin daji suke, gona na bayan katanga. Irin wurin da zabi ke so ke nan: su fita da safe su yi kiwon fara da gara da tsabar ciyawa, su dawo da yamma su hau bishiya. Mai gida bai kashe ko kwabo ba, ga ƙwai da damina, ga mai gadi, don zabi ba sa ganin baƙo ko maciji su yi shiru.

To wannan surutun da yawon su ne suka kore su. Da gari ya cika, gonar bayan gida ta zama gidan haya mai ɗaki goma, aka sare bishiyar, aka daɓe tsakar gida da siminti. Zabuwa takan tashi ta haye katanga, kuma maƙwabci ba ya son ihu da asuba. Kaza sai ta yi abin da ta iya, ta haƙura da lungu da dusa da ragowar tuwo.

Gwamnati ma kaza ta zaɓa. Shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976 ya kwaɗaitar da ma'aikata su yi lambu da kiwon kaji a bayan gida, kajin gidan gona suka fara shiga kwatas-kwatas. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown. Zabi kuwa aka bar wa ƙauye da rugar Fulani.

Sai 2006. Ranar 8 ga Fabrairu aka tabbatar wa duniya cewa murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta shigo Afirka, kuma a wata babbar gona a Jaji, kan hanyarmu ta Zariya, aka fara gano ta. Tsuntsaye kusan 40,000 suka mutu a can. Gwamnatin Tarayya ta sa diyyar naira 250 kan kowace kaza da aka kashe, kuɗin da bai kai farashin kasuwa ba, don haka mutane da yawa suka ɓoye nasu ko suka karyar da su. Mu muna ƙanana lokacin, abin da muka riƙe shi ne an yi makonni ba a soya ƙwai a gida ba, kuma an yanka kajin kakarmu a rana ɗaya. Waɗannan kajin su ne asusunta. Da su take sayen magani, da su take yin biki, da su take tarbar baƙo. Labaran da aka buga sun ƙirga asarar manyan gonaki, amma ba mu taɓa cin karo da littafin Hausa da ya shiga tsakar gida ya nuna mana tsohuwa tana kallon akurki babu kowa ba. Cutar ta sake dawowa a 2015. Ga kuma annobar hunturu da likitoci ke kira Newcastle, wadda ke share kajin Hausa duk shekara duk da cewa cibiyar Vom na yin rigakafinta.

Zabi ba su ɓace gaba ɗaya ba. Ranar Talata a kasuwar Kawo za ku gan su an kawo daga ƙauyuka, kuma da damina ga dafaffen ƙwansu a tasha, mai taurin ɓawon da yara ke gwada ƙarfi da shi. A gefen Rigasa da bayan Kawo, inda har yanzu akwai kango, akwai masu sa wa kaza ƙwan zabi. Wata dattijuwa a can ta nuna mana nata: kaza ɗaya da 'yan zabi goma sha ɗaya a bayanta. Ta ce ba ta sakin su sai rana ta busar da raɓa, don sanyi ne ke kashe su, kuma da sun yi fiffike za su bar uwar da ta raine su su nufi bishiya.