Daga Jini da Giya: Asalin Lissafin Ruwan Bafa

Jinin ɗan Adam yana zama ne tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin tsami, wato pH. Idan ya kauce sosai daga nan, rai na cikin haɗari. To me ke riƙe shi, alhali jiki ba ya daina samar da asid?

Wannan tambaya ce ta dami Lawrence Henderson na Jami'ar Harvard a Amurka. A 1908 ya nuna cewa idan asid mai rauni ya zauna da gishirinsa a ruwa ɗaya, rabon da ke tsakaninsu shi ke yanke tsamin ruwan. In asid ya shigo, gishirin ya shanye shi. In sinadari mai ɗabi'ar kanwa ya shigo, asid ɗin ya tare shi. Irin wannan haɗi ake kira ruwan bafa.

A 1909 Søren Sørensen, wanda ke nazarin sinadaran furotin a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg a Danmak, ya ƙirƙiro ma'aunin pH. Bayan wasu shekaru likita Karl Hasselbalch, shi ma ɗan Danmak, ya sake rubuta lissafin Henderson bisa wannan ma'auni: pH daidai yake da pKa, lambar ƙarfin asid ɗin, a tara da logarizim na rabon gishiri da asid.

A jini, pKa 6.1 ne, bayikabonet kuma ya ninka iskar kabon da ta narke sau 20. Logarizim na 20 shi ne 1.3, jimilla 7.4.

Haka ma'aikacin ɗakin gwaji ke lissafi har yau. Mai son lita ɗaya ta bafar asetet mai ƙarfin mol 0.1 a pH 4.76, wanda shi ne pKa na asid ɗin da ke cikin binega, zai raba daidai: mol 0.05 na asid, giram 3.0 ke nan, da mol 0.05 na busasshen sodiyam asetet, giram 4.1. Zai narkar da su a ruwa kaɗan, sannan ya cika lita.

Sai dai lissafin kintace ne, domin zafi da kaurin ruwan suna ɗan karkatar da sakamako. Shi ya sa kafin a cika litar ake tsoma na'urar auna pH, a gyara da ɗigon asid ko na soda.